Rabin Rabin Ciyaman

An yi wani ciyaman da ya raba taki, masu bincike suka ce alaƙar takin da amfanin gona ta kai rabi. Nan take ya kira Gambo malamin gona.

"Gobe ka shaida wa taron manoma rabin albarkar bana aikina ne, ko ka nemi wani aikin."

Gambo ya san ƙarya ce, ya kuma san bakuna bakwai yake ciyarwa. A wurin taro ya ari hankicin ciyaman, ya ninke shi biyu, ya sake ninkewa.

"Ranka ya daɗe, in alaƙa ta kai rabi, masu lissafi rabi sau rabi suke yi kafin su san kason taki. Kwata ke nan."

"Kwatar me?"

"Kwatar bambancin da ke tsakanin gonaki, wato abin da ya sa ta wane ta yi kyau, ta wane ta lalace."

"Rabi na ce!"

"Tuba nake. Jama'a, ku shaida: rabin abin da ya sa surukin ciyaman ya cika rumbu uku, ku kuka tashi da kara, aikin ciyaman ne."

Manoma suka zuba wa ciyaman ido. Ya laluba hankici, babu.

"Gambo," ya ce ƙasa-ƙasa, "kwatar ma ba a ragewa?"