Wuyan Tulun Nomau

An yi wani mutum a wani gari na bakin iyaka, tun zamanin da ba a san famfo ba. Sunansa Nomau. Ba malami ba ne, ba kuma attajiri ba. Wani bawan Allah ne mai lambun albasa da alkama, wanda ya gaji aiki guda daga mahaifinsa: tsaron madatsar ruwa.

Ku saurara, don sai kun gane yadda wurin yake. Gulbi ne ya ratsa garin, ya tsallaka iyaka ya shiga ƙasar wani sarki. Idan damina ta ɗauke, mutanen gari sukan datse shi da ƙasa da itace, su tara ruwan noman rani. Amma kakanninsu sun bar al'ada guda. A ƙasan madatsar sukan binne tulun da aka fasa wa gindi, bakinsa yana duban ƙetare. Duk abin da ya bi ta wuyan tulun nan, rabon mutanen ƙetare ne. Ba takarda, ba rantsuwa. Tulu ne kawai, da mutum guda mai zura hannu kowace safiya ya kwashe laka da ciyawa.

Wata shekara damina ta yi gardama. Ruwan madatsa bai kai rabin inda ya saba ba. Sarkin Noma, wani dattijo mai suna Barmo, ya tara masu lambu, ya ce, "Nomau, gobe ka toshe tulun nan."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, buɗewa babana ya koya mini. Bai koya mini rufewa ba."

Wani daga baya ya ce, "Laka ce fa za ka cusa, ba karatu ba ne!" Aka yi dariya. Wani ya ce, "Ko surukanka ne a ƙetaren?"

Nomau ya ce, "Ko mutum ɗaya ban sani ba a can."

Kada ku ɗauka Barmo mugu ne. Mutum ne mai lissafin bakunan da ke garinsa. Ya ce, "Nomau, ruwan da ya tsallaka iyaka ya zama na wani sarki, ya tafi ke nan. Bana kuwa ba mu da na kyauta."

Nomau ya tambaya, "Abin da tulun ke fitarwa, zai shayar da lambu nawa?"

Barmo ya ce, "Lambu guda, babba."

Nomau ya ce, "To nawa babba ne. A ɗauke ranar ban-ruwana a raba muku, a bar tulun yadda yake."

Barmo ya dube shi ya ce, "Ka san abin da ka faɗa?" Ya ce ya sani. Aka shaida, aka watse.

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Tasalla, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Maigida, mutanen da ka bar wa ruwan nan, sun san sunanka?"

Ya ce, "Ban jin sun sani."

Ta ce, "To mu da muka san sunanka, me za mu ci?"

Tambayarta kuwa gaskiya ce.

Albasa ta kwanta. Alkama ta bushe tun ba ta fid da kai ba. Nomau ya shiga ƙwadago a lambunan mutane, yana shayar da albasar wasu da ruwan da jiya nasa ne. Gidansa aka koma tafasa da kwaɗon zogale. Aka laƙaba masa Sarkin Tulu, har idan zai wuce ana cewa, "Ranka ya daɗe, yaya talakawan ƙetare?" Shi dai kowace safiya yana bakin madatsa, hannunsa cikin laka.

To ku saurara. Shanun garin duka, har da na Barmo, suna hannun wani Bafulatani makiyayi mai suna Giɗaɗo. Kowane rani yakan kai su wata fadama mai nisa, cikin ƙasarsu. A shekarar nan an riga an cire rai da su. Sai ga shi da ruwan farko ya dawo da su, ramammu amma da ransu.

Barmo ya ce, "Giɗaɗo, ina ka samu ruwa bana?"

Giɗaɗo ya ce, "Kai, Haɓe! Ku kuna zaune wuri guda kamar turmi, ba ku san inda gulbinku ke zuwa ba. Yana shiga ƙetare, ya yi gwiwa, ya dawo ƙasarku. Shi ke shayar da fadamar da nake kai shanunku."

Ya ce da ya ga ruwan bai yanke ba, ya bi gulbin sama har cikin ƙetare. Ya tarar su ma suna da madatsa, su ma da tulu a ƙasanta. Mai tsaronsa wani tsoho ne, Arzika. Mutanensa sun matsa masa ya toshe, ya ce musu, "Muddin tulun sama yana ɗiga, nawa ba zai rufu ba. Ranar da mutumin can ya toshe, ku zo in toshe a gabanku." Kullum sai sun je duban ruwan da ke gangarowa, kullum sai su tarar yana zuwa.

Giɗaɗo ya juya wajen Nomau a cikin taron ya ce, "Tsohon bai san sunanka ba. Ni na gaya masa."

Babu wanda ya yi dariya ranar.

Ba zan ce muku lambun Nomau ya farfaɗo ba. Bai farfaɗo ba. Noman shekarar ya tafi, kuma gidansa ya ji yunwa. Bai kuma san gulbi yana dawowa ba lokacin da ya ba da ruwansa. Amana aka ba shi, ya riƙe ta ranar da riƙonta ya yi tsada.

Jama'a, darasin a fili yake. Ruwa amana ne, kuma bai san iyaka ba. Sarakuna ke da iyaka, ƙishirwa ba ta da ita. Wanda ya toshe wa na ƙasa da shi, bai san bakin wa ya toshe ba, wataƙila nasa ne.

Yau ba mu binne tulu, amma kowanenmu yana da nasa. Kai mai injin ban-ruwa da ke zuƙe rafi tun da safe, akwai gari a ƙasanka. Ke mai barin famfo yana zuba, akwai unguwar da bututun bai kai wa ba. Ku masu zama teburin rabon gulbi da maƙwabtan ƙasa, akwai Arzika a can yana duban abin da za ku saki. Duk wanda ke nan yana sama da wani, yana kuma ƙasa da wani.

Kafin ka cusa laka, ka tuna akwai mai tulu a samanka. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana ranar da ruwa ya yi kaɗan.