Maɗinkiyar da Ta Daina Ganin Gefe

Akwai wata mace maɗinkiya a wani gari, ta manyanta, amma har yanzu takan zura zare a allura ba tare da tabarau ba. Tana da maƙwabciya bebiya, mai sayar da gyaɗa a bakin hanya. Kowace safiya in maɗinkiyar za ta tafi shago, sai bebiyar ta ɗaga mata hannu, ita ma ta ɗaga. Shekara goma sha biyu wannan ce gaisuwarsu.

Ana nan, sai ya zama bebiyar ta ɗaga hannu, maɗinkiyar kuwa ta wuce abinta. Yau haka, gobe haka.

Wata rana ƙanwar maɗinkiyar ta ce mata, "Yaya, me baiwar Allahn nan ta yi miki? Jiya na gan ta tana share hawaye bayan kin wuce."

Ta ce, "Ai ta daina fitowa. Na fi wata uku ban sa ta a ido ba."

Ƙanwar ta ce, "Tana nan kullum, Yaya. Mu je a duba idonki."

A asibiti likita ya zaunar da ita a gabansa, ya ce, "Mama, rufe ido ɗaya, ki kalli hancina, kada ki waiwaya. Da kin ga yatsana, ki faɗa mini." Ya miƙa hannu can gefe, yana kawo shi a hankali. Ba ta ga komai ba. Sai da yatsan ya zo kusan gaban fuskarta ta ce, "Ga shi!" Ɗaya idon ma haka.

Likita ya ce, "Lafiyayyen ido, ko mutum na kallon gaba, yana ganin motsi har kusan daidai kafaɗarsa. Naki kuwa, hawan jinin ido ya ci gefensa, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Abin da ya tafi ba ya dawowa, amma ga magani, ki riƙa ɗigawa kullum, zai tsare sauran. Ki kuma koyi juya kai."

Ta gode wa Allah da abin bai kai ga makanta ba. Kashegari da ta zo bakin hanya, ta tsaya, ta juya dama. Ga maƙwabciyarta zaune. Ta durƙusa a gabanta, ta nuna idanunta, ta kama hannunta. Bebiyar ta dube ta, ta gane, ta yi dariya har da hawaye, ta matsa mata wuri a tabarma.

Ma'anar wannan misali ita ce: zuciya ma takan rasa ganin gefe, mai ita bai sani ba. Muna ganin aikinmu da 'ya'yanmu sarai, sai mu ce lafiya muke. Amma gwauruwar da ke zama a bencin baya a ikilisiya fa? Baƙon da ya zo sujada ba wanda ya tambayi sunansa fa? In ɗan'uwa ya ce ka wuce wani, kada ka yi gardama. Ka bar Maganar Allah ta gwada ka. Yau kafin ka fita ƙofar ikilisiya, ka juya dama, ka juya hagu. Akwai wanda ya daɗe yana ɗaga maka hannu.