Tana da Lambatun Cindo

Dalilin da ya sa kuke ganin Tana ta fito doron ƙasa duk lokacin da aka sheƙa ruwa, yara, ba shan iska ke fito da ita ba. Mutum take nema.

A da can ko leƙowa ba ta yi. Gidanta na ƙarƙashin gonar wani manomi, Cindo, a bakin fadama, inda in ka kafta fartanya sau biyu sai ruwa ya tsattsafo. Alkawari suka ƙulla: ita da 'ya'yanta su riƙa huda ƙasa don ta sha iska, shi kuma ya haƙa lambatu, wato hanyar da rarar ruwa zai bi ya faɗa rafi.

Ita dai ta cika nata. Ƙasa ta yi baƙi, ta yi laushi, masara ta yi goyo bibbiyu. Cindo ya dinga zaga kasuwa yana cewa hannunsa ne mai albarka.

Da damina ta kankama, ruwa ya soma shiga ɗakunan Tana. Ta kira shi daga ƙasa, "Maigida, lambatun fa?"

"Na auna," in ji Cindo. "Kunya uku zai cinye mini. Uku! Kuma ta gefen gonar ƙanena Jatau zai bi. Ruwan da Allah ya saukar a gonata, in kai wa Jatau a banza?"

"Maigida, ƙasa ma numfashi take yi. Saiwa za ta ruɓe, mu ma mu mutu."

"Ji mini malama! Ke da ko ido ba ki da shi."

Sarkin dabara! Maimakon lambatu, sai ya tayar da ganuwa ya kewaye gonar, kada ɗigo ɗaya ya tsere. To, bai tsere ba. Na sama ya sauko, na ƙasa ya taso, suka gaisa a tsakiyar gona. Masara ta yi rawaya ta kwanta, ƙasa ta ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kunya ukun nan kuwa ba wanda ya taɓa su, suna can ƙarƙashin ruwa, kwaɗi na biki a kai.

Abin da ke ci mini rai, wallahi, 'ya'yan Tana ne. Ɗaki ɗaki ruwa ya bi su. Ta jawo 'yan da suka rage, ta huda ƙasa ta fito, karon farko a rayuwarta, tana laluben Cindo ta tuna masa alkawari. Ashe tuni gogan ya kwashe komatsansa ya koma tudu, yana shela wai Jatau ne ya yi wa gonarsa asiri. Ita ba ido, ina za ta sani?

Shi ya sa har yau, da ruwa ya cika ƙasa, sai Tana ta fito da jan ciki, ta bi hanya da tambaya ko an haƙa lambatun. Ba wanda ya taɓa amsa mata sai kaza.