Shaidun da ke Ƙarƙashin Ƙasa

An ce wai a wani gari na bakin fadama an yi wani tsoho, Jatau, wanda ya shekara talatin yana kula da albasar fure a wani fili bayan bukkarsa. Ba cin ta ake yi ba, ba a kai ta kasuwa. Marigayiya matarsa ce ta fara shuka ta, shi kuwa ya gaji wahalar. Wahala kuma ta gaske: a tona rami zurfin yatsu huɗu, a zaunar da albasar kanta sama, a zuba taki, in fure ya kaɗe a bar ganyen ya bushe don kansa. Da rani sai a ɗauke mata ruwa, don barci take yi, wanda ya jiƙa ta ya ruɓar da ita.

Wata shekara da rani ciwon gwiwa ya kwantar da Jatau. Maƙwabcinsa Korau, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan filin, ya shiga yi masa ban ruwa kowace safiya a idon jama'a. Bayan wata biyu ya tafi wurin Alƙali Zubairu da shaidu biyar, ya ce fili da fure duk nasa ne.

Alƙali ya dubi tsohon ya ce, "Baba Jatau, ina naka shaidun?"

Jatau ya yi ajiyar zuciya. "Allah gafarta Malam, waɗanda suka ga ina shukawa duk sun riga ni kwanciya. Ni na gaji. Amma in an karɓe wurin nan, ban san inda zan riƙa zama in tuna da matata ba."

Alƙali ya sa aka kawo kara ashirin, goma da jan zare na Korau, goma da baƙin zare na Jatau. Ya ce, "Mai shuka ya san makwancin shukarsa. Kowa ya kafa karansa inda albasarsa take, mu jira ruwan farko."

Korau ya jera nasa reras, gwanin sha'awa. Jatau kuwa ya ja ƙafa yana dogara sanda, ya kafa nan, ya tsallake can, a karkace kamar haƙoran tsohuwa, har mutane suka yi ta dariya.

Ruwa ya sauka. Bayan kwana bakwai fararen furanni shida suka fito a gindin kara masu baƙin zare, na Korau kuwa ko ciyawar kirki babu. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, mai shi ne ba ya sani. Korau ya ce, "To sauran huɗun fa? Ai dace ya yi!"

Alƙali ya ce a tona gindinsu. Kowane rami aka buɗe, sai ga ruɓaɓɓiyar albasa tana wari.

"Masu rai sun shaidi wanda ya shuka su," in ji Alƙali, "matattun kuma sun shaidi wanda ya kashe su da ruwa. Fili na Jatau ne."

Jatau bai yi murna ba. Ya durƙusa da ƙyar a bakin rami na huɗu, ya ɗauki ruɓaɓɓiyar a tafinsa, ya ce, "Wannan ce marigayiya ta fara shukawa." Sannan ya mai da ita, ya rufe ta da ƙasa.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, abin da hannunka ya binne da gaskiya, ko ya ruɓe ba zai ƙi ba ka shaida ba.