Magudanar Da Na Haƙa Ba Ta Jiƙa Kowa Ba

Ranar Asabar, tara ga watan Agusta, aka fara yi mini wannan rashin adalci, kuma wanda ya yi shi tsohon ɗalibina ne, wanda yanzu yake shugabantar makarantar da jikata take karatu. Ni na koya masa riƙon alƙalami, kuma yaro ne mai ƙwazo. Aibinsa ɗaya: in ya faɗi magana, ba ya janye ta ko me zai faru.

Makarantar ta shirya wa 'yan aji shida zaman sansani a bayan gari. Iyaye suka roƙe ni in raka su, domin sun san na daɗe ina fita da yara kafin in yi ritaya. Muna isa, shugaban ya nuna wani kwari mai koriyar ciyawa, ya ce a nan za a kafa tantuna.

Na ce, "Ɗana, damina ake. Ka tambayi kanka me ya sa ciyawar nan ta fi ta ko'ina kore. Nan ruwa yake kwanciya."

Ya yi dariya. "Baba Malam, tantunan nan sababbi ne, ruwa ba ya ratsa su. Kuma hoto ya fi kyau a nan."

Sai kuma ya sa aka shimfiɗa leda a ƙarƙashin kowane tanti, aka bar bakinta ya leƙo waje ta ko'ina, wai don yara su jera takalma. Na ce a naɗe bakin a tura ciki, domin ruwan da zai gangaro daga rufi a kanta zai sauka, ita kuma ta kai shi har ƙarƙashin katifa.

"Baba, a bar mana aikinmu mana," in ji shi. "A je a huta."

Na hau tudu na kafa tsohon tantina, na haƙa magudana kewaye da shi, na juya bakinta gabas. Wata malama ta ɗago murya, "Baba, dankali za a shuka?" Aka fashe da dariya. Na ce, "In ya nuna zan aiko miki, 'yata."

Bayan azahar hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Gaskiyar shugaban ce, tantunan ba su yi yoyo ba. Ta ƙasa ruwan ya shiga. Katifu suka jiƙe sharkaf, takalman da aka jera suka bi ruwa. Yara suka hauro tudu da gudu, ƙafa ba takalmi. Na cusa su cikin tantina, na ɗaura tampol a ƙofa saboda sauran, na ɗora shayi. Malamar nan ma ta iso tana rawar ɗari, na miƙa mata bargona. Ko yaro ɗaya bai kwanta ciwo ba, kuma ina alfahari da wannan.

A taron iyaye kuwa, shugaban ya miƙe ya ce magudanata ce ta kwararo wa tantunan yara ruwa. Ya faɗi haka a gaban mutanen da rabinsu ni na koyar. Jikata ta dawo gida tana kuka, wai ana ce mata kakanta ya jiƙa aji guda.

Amma hotunan da shi da kansa ya tura wa iyaye kafin ruwan suna cikin wayoyinsu. Ga leda ta leƙo, ga bakin magudanata a gabas, ga kwarin a yamma. Kwamitin iyaye ya duba, ya hana shi sake fita da yara. Da yamma sai ga shi a gidana, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, a yi haƙuri, a rufa maganar."

Na ba shi kujera da ruwan sha. Na ce, "Ba a falona ka ɓata ni ba."

Mai karatu, darasin a fili yake. Ƙin jin shawara kuskure ne da rana ɗaya take busarwa, amma ɗora wa wani laifinka tabo ne da ba ya fita sai da gaskiya. Don haka ina neman shugaban ya tsaya a taron iyaye na gaba, da muryar da ya zarge ni da ita, jikata tana zaune tana ji, ya ce ƙarya ya yi mini, ya nemi gafarata.