Sarkin Gauraki da Dubu da Tara

Iya Tabawa ta gyara zama ta ce, "To jikokina, ga ta nan ga ta nanku."

Yara suka ce, "Ta zo mu ji ta, Iya."

Wani sarkin gauraki ne, sunansa Mai Tukku. Ba ya kiwo, ba ya gadi, aikinsa gyaran tukku da kirari. Tsuntsayensa, har da shi, dubu ne da tara.

Sai tafkinsu ya ƙafe. Gauraki suka ce, "Ranka ya daɗe, mu tashi mu nemi ruwa."

Ya ce, "Mu tashi a hargitse kamar tsuntsayen buwa? Sai an yi sahu daidai, kada balbelu su yi mini dariya. Ku yi sahu biyu!"

Ya shige gaba, kowa ya jeru. Sai wata gurguwa, Tabo, ta yi saura.

Ya ce, "Tir! Sahu uku!"

Aka watse, aka sake jeri. Sai Tabo ta yi saura.

"Sahu bakwai!"

Rana ta take, 'yan tsaki suna haki, biyu suka suma. Aka jeru. Sai Tabo ta yi saura.

Sankiran sarki ya ce, "Yallaɓai, dubu da tara fa dutse ce, ba ta rabuwa. Ko mu yi sahu ɗaya, ko kowa ya kama gabansa."

Mai Tukku ya ce, "Lissafi ne zai yi mini gardama a ƙasata? In ba ta rabuwa, a gutsure ta!"

Sai ya haye kan suri, ya buɗe fukafukai, ya ce, "Na rantse da tukkun ubana, wanda ya yi saura wannan karon, a bar wa kura shi. Sahu bakwai!"

Gauraki suka ruga. Uwaye suka ja 'ya'yansu. Tabo ta ɗingisa tana kuka, sai ta ga gurbi a gaban sahu, ta shige. Sankira ya bi yana ƙirgawa, kowane sahu ɗari da arba'in da huɗu, cif.

Mai Tukku ya yi dariya. "Kun gani? To ina sauran?"

Kowa ya ɗaga kai ya dubi suri.

Ya diro da sauri. "Ku matsa mini."

Suka ce, "Ranka ya daɗe, sahu zai karkace."

"Ni ne fa sarki!"

Tabo ta ce, "Shi ya sa ba ma so balbelu su yi maka dariya."

Sai suka tashi fir. Ya yi ƙoƙarin bin su, amma teɓa ta yi masa nauyi, ya faɗo cikin busasshiyar laka. Kura ta zo ta cinye, ta tofar da tukkun.

Ƙurunƙus kan kusu, ba don kusu ba da na ƙara muku. Wanda zai ce a zubar da saura, ya fara duba inda yake tsaye.