Shekarar da Wuri Ya Yi Ambaliya

An yi wani sarki a birnin Tsamiyawa, ana ce masa Mainasara, wanda a zamaninsa fatake suka gano hanyar bakin teku, suka dinga kwararo wuri, kuɗin wancan zamani, jaki-jaki, har kuɗi suka fi kaya yawa a kasuwa. Mace kan fito da wuri cike da ƙwarya, ta koma da geron da bai kai rabinta ba. Manoma suka ɓoye hatsi, gari ya ɗauki kururuwa.

Sarki ya tara fada, ya ce, "Ga mas'ala: kowa na da kuɗi, kuma kowa na jin yunwa. Wa ke da magani?"

Waziri Zubairu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a yanke farashi, wanda ya ƙetare ya sha bulala." Aka yi shela. Ran kasuwa ko mai daddawa ba ta fito ba.

Sai Ma'aji Ilyasu, dattijon da ke riƙe da baitulmali, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a buɗe rumbunan fada a sayar wa talakawa hatsi, wurin da aka karɓa kuwa a binne shi, kada ya koma kasuwa. Sharaɗina guda: ko kai ba za ka taɓa shi ba."

Sarki ya yi alkawari. Kai, ka ga cincirindo! Hatsi na fita, wuri na shiga rami, farashi ya soma sauka, manoma suka yi ta rige-rigen fito da abin da suka ɓoye.

Ana nan sai wani attajiri ya kawo alkyabbu na alfarma. Suka shiga ran sarki, ya aika a tone ramin. Ma'aji ya taho da sauri, ya tuɓe rawaninsa, ya ajiye gaban karaga, ya ce, "Zaki, ga sarautarka. Amma muddin tana kaina, ba zan saya maka alkyabba da tuwon talakawanka ba."

Dogarai suka zabura. Sarki ya ɗaga hannu ya tsayar da su, sannan ya miƙe ya naɗa wa Ma'aji rawanin da hannunsa, ya tuɓe tasa rigar ya yafa masa, ya sallami attajiri da kayansa. Fada ta kaure da kabbara.

Haƙiƙa, adalcin sarki ba ya cika sai dokar da ya kafa ta hau kansa.